Fayafayan shekarun 1980: son gaskiya ake yi musu, ko kasuwa ce ke tura mana su?

Bazazzagi_82

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, ina so masu sani su warware mini shi. A yau duk mai waya da data yana iya jin waƙar da ta fito jiya da dare, kuma masu bin diddigin wannan kasuwa sun ce sababbin waƙoƙin da ake ɗorawa a manhajojin sauraro kowace rana sun haura 100,000. Duk da wannan ambaliya, fayafayan da aka buga shekara 40 da suka wuce sun ƙi gusawa. Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a ƙarshen Nuwamban 1982, yana sake hawa jerin Billboard, wato jerin fayafayan da suka fi kasuwa a Amurka, duk ƙarshen Oktoba. Legend na Bob Marley, na 1984, da Greatest Hits na Queen, na 1981, kowannensu ya haura mako 1,000 a jerin fayafayan Birtaniya.

Ni a ganina ba inganci ne ya jawo haka ba, shekaru ne. Waɗanda suka yi samartaka a wancan lokaci su ne yanzu masu albashi da motoci da kuɗin biyan manhaja wata-wata, kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ranar da wannan tsara ta kau, fayafayan za su bi ta. Wanda yake ganin saɓanin haka ya kawo hujjarsa.

Hajiya_Zango

Wa alaikumus salam. Malam Bazazzagi, maganarka za ta zauna da a ce tsofaffi ne kaɗai ke sauraro, amma abin da ya faru da Kate Bush a 2022 ya rushe ta. Waƙarta Running Up That Hill, daga albam ɗin Hounds of Love na 1985, ta tsaya a mataki na 3 a Birtaniya da na 30 a Amurka lokacin fitowarta. Da aka saka ta a zango na huɗu na shirin Stranger Things na Netflix, sai ga ta a mataki na 1 a Birtaniya a watan Yunin 2022, shekara 37 bayan fitowarta, mawaƙiyar tana da shekara 63, a Amurka kuma ta kai mataki na 3. Masu kallon wannan shiri galibinsu ba a haife su ba a 1985. 'Yata ce ta fara kunna mini waƙar a kicin tana tambayata ko na san sabuwar mawaƙiyar da ake yayi, ni kuwa da na yi 'yanmatanci a wancan zamanin ban taɓa jin sunanta ba, domin ba irin abin da gidajen rediyonmu ke sakawa ba ne. To wace bara ce yarinyar take tunawa?

Akanta_Fagge

Hajiya ta yi gaskiya, sai dai akwai ƙarin bayani a kan yadda waƙar ta kai mataki na 1, kuma shi ne zuciyar wannan muhawara. Masu haɗa jerin Birtaniya suna da ƙa'idar da ke rage darajar tsohuwar waƙa: sai an saurare ta ninki biyu kafin a ba ta makin da sabuwa ke samu. Sai da aka ɗage wa Kate Bush wannan ƙa'ida sannan ta hau sama. Wato da gangan ake danne tsofaffin waƙoƙi don kada su cinye jerin.

A Amurka ma haka aka daɗe ana yi. Daga 1991 har zuwa ƙarshen 2009, Billboard ba ta barin tsohon albam ya shiga babban jerinta na 200. Rasuwar Michael Jackson a watan Yunin 2009 ce ta tona asirin wannan tsari, domin a makonnin da suka biyo baya fayafayansa sun fi na kowa ciniki amma ba su bayyana a jerin ba, sai aka canja dokar. Daga Disamban 2014 kuma aka fara lissafa sauraro ta intanet, a lokacin ana ɗaukar sauraro 1,500 a matsayin sayen albam ɗaya.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, a da mutum yakan sayi faifai sau ɗaya, a rubuta ciniki ɗaya, shi ke nan, ko da zai shekara talatin yana kunna shi a ɗakinsa babu mai sani. Yanzu kowace kunnawa ana ƙirga ta. Saboda haka ba lallai ne a ce an ƙara son waɗannan fayafayai ba, mai yiwuwa dama can ana jinsu haka, ma'aunin ne bai iya gani ba.

Dan_Tudun_Wada

Ga hujjar da za ta kashe bakin kowa: kamfanin Luminate, mai ƙididdigar ciniki da sauraron waƙoƙi, ya nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake saurara a Amurka tsofaffin waƙoƙi ne. Mutane sun gaji da kiɗan zamani, shi ke nan.

Akanta_Fagge

Ɗan'uwa, adadin da ka kawo daidai ne, amma fassarar da ka yi masa ba haka take ba. A lissafin wannan kamfani, duk waƙar da ta wuce wata 18 da fitowa ta shiga rukunin tsofaffi. Waƙar da ta fito shekara biyu ko uku da suka wuce tana cikin kashi 70 ɗin nan, kuma irinsu ne suka fi yawa a ciki. Rabon shekarun 1980 a wannan adadi ƙarami ne idan aka gwada shi da na shekarun baya-bayan nan.

Injiniya_Sauti

Ni aikina haɗa sauti ne, don haka ta wannan fuska zan shigo. Malam Bazazzagi ya ce ba inganci ba ne, ni kuwa ina ganin inganci yana da kaso babba, kuma ba wai don mutanen da sun fi na yanzu basira ba ne, yanayin aikin ne ya tilasta musu.

Faifan garmaho yana ɗaukar kimanin minti 20 zuwa 22 a kowane gefe kafin sauti ya fara raguwa. Shi ya sa Thriller yake da waƙa tara kacal cikin kimanin minti 42, Purple Rain na Prince ma waƙa tara ne, Back in Black na AC/DC kuma goma. Quincy Jones, wanda ya jagoranci haɗa Thriller, da abokan aikinsa sun tace waƙoƙi masu ɗimbin yawa kafin su tsaya a kan taran nan, kuma bakwai daga cikinsu sun shiga goman farko a Amurka. Wanda aka ba shi gurbi tara ba zai yi wasa da ko ɗaya ba. Yanzu da ake lissafi da yawan sauraro, mawaƙi ya fi samun riba idan ya zuba waƙa 25 a albam ɗaya, ko da rabinsu ciko ne.

Sannan a dubi waɗanda suka yi aikin Thriller a situdiyon Westlake da ke Los Angeles. Bruce Swedien ne ya ɗauki sautin, Rod Temperton ya rubuta uku daga cikin waƙoƙin, Eddie Van Halen ya kaɗa jitar da ke tsakiyar Beat It, 'yan ƙungiyar Toto kuma su ne suka riƙe kiɗa a wurare da dama. Mutane ne da suka shekara suna wannan sana'a, aka tara su a ɗaki ɗaya da kuɗin kamfani, ana ɗauka a kan tef mai tsada wanda ba ya yafe kuskure.

Abu na ƙarshe, wanda nake ganin shi ne ya bambanta shekarun 1980 da na 1960 ko 1970, shi ne kayan aikin. A lokacin ne injinan kiɗa suka shigo: Roland TR-808 a 1980, wanda Marvin Gaye ya yi Sexual Healing da shi a 1982, da Linn LM-1 da Prince ya riƙe, da Yamaha DX7 a 1983. An daina ƙera TR-808 tun 1983, amma har gobe amonsa ne ginshiƙin kiɗan da matasa ke ji. Yaron da ya taso da kiɗan kwamfuta, idan ya ji waƙar 1984 ba ya jin ta baƙuwa a kunnensa, alhali waƙar 1964 yana jinta ya san ta kakanni ce.

Malam_Shakka

Injiniya, ka ɗauko tara ko goma mafiya kyau ka auna zamani guda da su. A shekarun nan goma an buga dubban fayafayai marasa kan gado, masu kiɗan inji iri ɗaya da murya mai amsa-kuwwa, kuma babu mai tuna su. Abin da ya iso gare mu an riga an tace shi shekara 40, mu kuma muna gwada shi da duk tarkacen da ya fito makon jiya. Wannan gwaji ba adalci a cikinsa. A 2060 ma za a sami fayafayai goma na wannan zamani da za a riƙa cewa ba a ƙara yin irinsu ba.

Uwar_Biyu

Ina goyon bayan Malam Shakka, kuma ina da gyara ga mai tambaya. Biyu daga cikin misalai uku da ya kawo ba albam ba ne na shekarun 1980 a haƙiƙa, tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi ne. Bob Marley ya rasu a watan Mayun 1981, Legend ya fito bayansa da shekara uku, kuma mafi yawan waƙoƙin ciki na shekarun 1970 ne. Haka Greatest Hits na Queen, domin Bohemian Rhapsody ta 1975 ce.

Wannan ya kai ni ga tambayar da nake ganin ta fi muhimmanci: albam ake saurara ko waƙa ɗaya? Kowa ya buɗe Spotify ya duba Toto IV na 1982. Waƙar Africa ta haura sauraro biliyan ɗaya, Rosanna tana biye da ita daga nesa, sauran kuwa kamar babu su. Amma duk wannan sauraro na waƙa ɗaya ana tara shi a rubuta wa albam ɗin, sai a ce albam yana tashe. Ni ban yarda cewa matashin da ya ji Running Up That Hill ya zauna ya saurari gefe na biyu na Hounds of Love ba, wanda labari ne guda mai sarƙaƙiya na mace da ta kwana tana yawo a kan teku.

Bazazzagi_82

Malama Uwar Biyu, ko an cire waɗannan biyun an sa Purple Rain da Born in the U.S.A. na Bruce Springsteen, duka na 1984, tambayar tana nan daram. Amma maganarki ta biyu ta ƙarfafa mini gwiwa: idan waƙa ɗaya ce ke ɗauke da albam, to albam ɗin kansa ya riga ya mutu, sunansa kawai ya rage a jeri.

Tsohon_Mai_Kaset

Yara, ku bari wanda ya ci abinci da sana'ar ya ce wani abu. Na yi zaman shagon kaset a wancan zamani, kuma abin da Malama Uwar Biyu ta faɗa yana da tushe a yadda ake sauraro a da. Mutum zai zo da kaset ɗinsa sabo, mai minti 90, ya ce a ɗaukar masa albam ɗaya a gefen A, wani a gefen B, domin minti 45 na kowane gefe ya ishi albam guda har da ɗan saura, sai mu cike sauran da waƙar da muka ga dama. Mu rubuta sunayen waƙoƙin da biro a jikin takardar, mu ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset don kada a goge shi bisa kuskure.

Idan ya kai gida ya saka a rikoda, ba ya tsallake waƙa, saboda tura kaset gaba yana cin batir, batir kuma kuɗi ne. Mai tattali yakan zare kaset ya zura biro a ramin ya riƙa juyawa da hannu. Don haka ko kana so ko ba ka so, sai ka ji waƙa ta huɗu da ta biyar kafin ka kai ga wadda kake jira, kuma a haka waɗanda ba ka so da fari suke shiga ranka. Har yau idan na ji ƙarshen wata waƙa, kunnena yana jiran wadda ke biye da ita a kaset, idan manhaja ta sako wata daban sai in ji kamar an yi mini katsalandan. Mu mun haddace albam ne saboda ba mu da zaɓi. Yaron da ke da waƙa miliyan 100 a aljihunsa, me zai zaunar da shi?

Yar_Jamia

Baba Mai Kaset, da girmamawa, wasunmu suna zama. Ni ta hanyar The Weeknd na shigo. Waƙarsa Blinding Lights, ta ƙarshen 2019, wadda ta zama wadda aka fi saurara a tarihin Spotify, kiɗanta na shekarun 1980 ne tsantsa, kuma da na yawaita jinta sai manhajar ta fara haɗa mini da a-ha da Tears for Fears da Sade. Gaskiya ne yawancinsu waƙa ɗaya ko biyu na sani, amma Diamond Life na Sade, na 1984, daga farko har ƙarshe nake kunna shi idan ina karatu, domin babu waƙar da ke fizgar hankali ta ɓata yanayin. Sai daga baya na san cewa a Ibadan aka haife ta a 1959. A wurina ba tsohuwar waƙa ba ce, waƙa ce kawai da ban taɓa ji ba, kuma a jerin da manhaja ke haɗa mini tana zaune kusa da ta bana babu wata alama da ke raba su.

Dan_Kasuwa_Kwari

Ƙanwata ta faɗi gaskiya ba tare da ta lura ba: manhajar ce ta haɗa mata. Tambaya ita ce, wa yake amfana idan an haɗa? A Disamban 2021 Sony ta sayi waƙoƙin Springsteen a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 500. A 2024 ta sayi rabin na Michael Jackson a kan kimanin dala miliyan 600, sannan ta sayi na Queen a kan abin da ya haura dala biliyan ɗaya. Duk wanda ya zuba irin wannan jari ba zai naɗe hannu ya jira mutane su tuna da kansu ba. Zai tura waƙar cikin fim da talla da wasan kwamfuta, ya sake buga albam ɗin da sunan cika shekara 40, ya ɗauki nauyin fim na tarihin mawaƙin. Fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018 kaɗai ya ishe mu misalin yadda fim ke mayar da tsohuwar ƙungiya sabuwa. Tsohuwar waƙa haja ce da aka riga aka gwada, babu kuɗin situdiyo, babu fargabar ko za ta karɓu. Ni ɗan kasuwa ne, na san wace haja ake sawa a gaban shago.

Hajiya_Zango

Alhaji, ba a musun ƙarfin kuɗi, amma ba kowane labari ne yake bin wannan hanya ba. Tracy Chapman ta fitar da albam ɗinta na farko a 1988, duniya ta san ta ne a bikin cikar Nelson Mandela shekara 70 da aka yi a Wembley a watan Yunin wannan shekara, inda ta tsaya ita kaɗai da jitarta. Ta daɗe da janye jiki daga idon jama'a, ba ta talla, ba ta yawon wasa. A 2023 wani mawaƙin kiɗan karkarar Amurka, Luke Combs, ya sake rera Fast Car saboda tun yana yaro yake jinta a motar mahaifinsa, ta kai mataki na 2, ita kuma ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar waƙar shekara ta ƙungiyar mawaƙan wannan fanni. Waƙar tana magana ne a kan talauci da uba mashayi da yarinyar da ta bar makaranta don ta kula da shi. Wane kamfani ne ya shirya wannan? Kate Bush ma ita ke riƙe da haƙƙin mallakar waƙoƙinta, kuma an san ta da wuyar ba da izini.

Injiniya_Sauti

In ƙara a kan na Hajiya. A 2020 wasu tagwaye matasa a Amurka sun ɗauki kansu a bidiyo suna jin In the Air Tonight ta Phil Collins, ta 1981, a karo na farko, kuma firgitar da suka yi lokacin da ganguna suka shigo ita ce ta sake tayar da waƙar. Gangunan nan ba sa shigowa sai bayan an wuce minti uku da rabi. Spotify kuwa ba ta ƙirga sauraro sai mutum ya kai daƙiƙa 30, shi ya sa masu haɗa kiɗa na yanzu suke jefo amshi tun a farkon waƙa don kada a tsallake ta. Waƙar da za ta sa ka jira haka ba kasafai ake yin ta ba a yau, kuma ina ganin wannan rashin ne yake sa ta zama abin mamaki ga wanda bai saba ba.

Dan_Garwa

Ina bin muhawarar daga Kamaru, kuma na ga ana ta magana kamar mu 'yan kallo ne kawai a wannan tarihi. Waƙar da ta buɗe Thriller, wato Wanna Be Startin' Somethin', amshin da ke ƙarshenta daga Soul Makossa ta Manu Dibango aka ɗauko shi, waƙar da ya yi a 1972, shekarar da ƙasarmu ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka. Sai da ya kai ƙara kafin aka sasanta a wajen kotu. Graceland na Paul Simon, na 1986, a Johannesburg aka fara ɗaukarsa, da Ray Phiri a jita da Bakithi Kumalo, sannan Ladysmith Black Mambazo suka shigo, kuma ɗan Nijeriya Demola Adepoju na ƙungiyar King Sunny Ade ya yi kiɗa a waƙar da albam ɗin ya ci sunanta. An yi ta ce-ce-ku-ce a lokacin saboda takunkumin da aka sa wa gwamnatin wariyar launin fata.

Amma babban abin da nake so in faɗa ya shafi maganar Akanta ta ma'auni. A garuruwanmu, fayafayan shekarun 1980 da suka fi rayuwa su ne Slave da Prisoner na Lucky Dube, da Jerusalem na Alpha Blondy, da Prisoner of Conscience na Majek Fashek. Ka shiga tasha ko shagon aski ko wurin mai gyaran babur, za ka ji su. Sai dai daga memori ake kunna su, wanda aka loda a wurin masu tura waƙa ko aka karɓa daga wayar aboki, babu wata na'ura a Sweden, ƙasar Spotify, ko Amurka da ta san an kunna. Spotify ma sai a Fabrairun 2021 ta iso Nijeriya da Gana. Ma'aunin da Akanta ya ce ya buɗe ido, a wajenmu har yanzu ido ɗaya gare shi.

Akanta_Fagge

Wannan haka yake, kuma ko wanda aka ƙirga ba darajarsa ɗaya ba. Kuɗin da ake raba wa masu waƙa ya danganta da abin da aka tara a ƙasar da aka saurara, don haka sauraro dubu daga inda kuɗin wata yake da arha ba ya kawo abin da dubu daga Amurka ke kawowa.

Dan_Damagaram

Maganar Ɗan Garwa ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kafin a ce albam ya daɗe ana jinsa a manhaja, sai an sami abu biyu: asalin tef ɗin da aka ɗauka, da takardar da ta nuna mai shi. Inda ɗaya ya ɓace, albam ɗin ba ya nan, komai kyansa. Ko a Amurka, 3 Feet High and Rising na De La Soul, na 1989, bai hau manhajoji ba sai a watan Maris na 2023, saboda rikicin haƙƙin guntayen kiɗan wasu da suka yi amfani da su. Prince da kansa ya janye waƙoƙinsa daga Spotify a 2015, ba su dawo ba sai a Fabrairun 2017, bayan rasuwarsa. A 2008 kuma gobara ta cinye rumbun kamfanin Universal a California da tef-tef masu yawa na asali.

To idan haka ta faru a inda ake da lauyoyi da rumbuna, ina ga namu? A shekarun nan da muke magana, Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo suna raye suna waƙa, kuma kaset ɗinsu ya fi na Michael Jackson yawa a gidajen Hausawa nesa ba kusa ba. Yau mafi yawan abin da ake samu nasu a YouTube wani ne ya juyo daga tsohon kaset ya ɗora, da shuuu ɗinsa da komai, babu shekara, babu sunan wurin ɗauka, wani lokaci ma an yanke ƙarshen. Wanda ya tsira da kyau sau da yawa wani ne daga waje ya neme shi. Mamman Sani na nan Nijar ya ɗauki kiɗansa na organ a 1978, kaset kaɗan aka buga, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi. A shekarar ce kuma kamfanin Luaka Bop ya tattara waƙoƙin William Onyeabor na Enugu. Saboda haka idan an ce fayafayan shekarun 1980 sun daɗe, a ƙara da cewa waɗanda aka adana ne.

Malam_Shakka

Ɗan Damagaram ya kawo magana mai nauyi, sai dai Shata ba albam yake yi ba a ma'anar da ake nufi a nan, waƙa yake yi a gaban jama'a ko a gidan rediyo, masu kaset su harhaɗa. Mu koma kan tambayar. Akwai dalili ɗaya da ba a ambata ba: a wancan zamani kofofin kaɗan ne. MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ta fara a Agustan 1981, gidajen rediyo da talabijin ƙididdigaggu ne a kowace ƙasa, don haka abin da ya samu shiga, kowa da kowa ya ji shi a lokaci ɗaya. Thriller ya yi mako 37 a mataki na 1, Purple Rain ya yi 24. Yau kowa yana cikin lungunsa da abin da manhaja ta zaɓar masa, maƙwabcinka yana iya zama masoyin mawaƙin da ke da mabiya miliyoyi kai ba ka taɓa jin sunansa ba. Mai shirya fim ko biki da ke neman waƙar da kaka da jika za su gane tare, dole ya koma zamanin da aka yi tarayya a kan abu ɗaya.

Uwar_Biyu

Malam, ashe wannan ya saɓa wa abin da ka faɗa da farko, cewa a 2060 za a sami goma na wannan zamani da za a riƙa girmamawa haka? Idan babu tarayya yanzu, daga ina goman za su fito?

Malam_Shakka

Za su fito, Malama, amma kowane rukuni da nasa goman.

Dan_Tudun_Wada

Ni dai har yanzu ina kan bakana. A 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, CD kuma miliyan 33, karo na farko da garmaho ya wuce CD tun 1987. Mutane suna komawa baya da ƙafarsu.

Yar_Jamia

Yaya, wadda ta fi kowa sayar da faifan garmaho a wannan shekarar Taylor Swift ce, da albam ɗin da ta fitar a watan Oktoban shekarar. Garmahon ne ya dawo, ba lallai waƙoƙin da ba.

Bazazzagi_82

Na karanta duka. Hujjar Hajiya da ta 'Yar Jami'a ta nuna akwai matasa a ciki, amma ban ga abin da ya tabbatar mini cewa za su riƙe waɗannan fayafayai shekara talatin kamar yadda Baba Mai Kaset ya riƙe nasa ba. Injiniya, ina da tambaya gare ka: abin da muke ji a manhaja, shi ne ainihin abin da aka buga a lokacin? Wani lokaci ina jin kamar sautin ya fi wanda na sani ƙarfi da kaifi.

Injiniya_Sauti

Kunnenka bai yaudare ka ba, Malam. Yawancin abin da ke manhajoji an sake gyara sautinsa a shekarun baya, kuma a gyare-gyaren da aka yi daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa gaba an riƙa matse sauti don ya yi ƙara, sai tazarar da ke tsakanin wuri mai sanyi da wuri mai ƙarfi ta ragu. Wani lokaci ma abin ya wuce gyaran sauti. A bugun farko na Bad, na 1987, waƙar I Just Can't Stop Loving You tana farawa da Michael Jackson yana magana a hankali, a bugun baya aka cire wannan gabatarwa, Leave Me Alone kuma a CD kaɗai take, babu ita a garmaho da kaset. Brothers in Arms na Dire Straits, na 1985, wanda shi ne albam na farko da ya sayar da CD miliyan ɗaya, an gajarta waƙoƙi da dama a bugunsa na garmaho don su shiga, don haka wanda ya san shi ta garmaho zai ji na manhaja ya fi tsawo da kusan minti takwas. Idan manhajar ta jera bugu fiye da ɗaya, ka duba shekarar da aka rubuta a ƙasan jerin waƙoƙin, ka gwada su da abin sawa a kunne maimakon lasifikar waya. Baba Mai Kaset, idan har kana da bugun farko na Bad a ajiye, ina so a ba ni aro in juye shi.